ZARE: Daga garmaho zuwa Bluetooth, tarihin yadda aka dinga cusa wa mota kiɗa 🧵

1/ Jama'a ku matso. Watan da ya wuce saura ƙiris in yi wa Abbanmu ɓarnar da ba ta gyaruwa, duk a kan rediyon mota. Abin ya dame ni har na bar karatun jarrabawa na koma tonon tarihin yadda mutane suka dinga haɗa na'urorin jin kiɗa da motocinsu. Zaren da tsawo, a ajiye shi a karanta a nutse.

2/ Motar Abba 'yar Kwatano ce, ƙirar 1997, giyar hannu, rediyonta mai cin kaset. Ni kuma ina aji uku, lantarki nake karanta, kun san yadda kan mutum yake kumbura a wannan matakin. Na tara 'yan kuɗina na sayo allon Android, niyyata in ɓalle tsohon rediyon in dasa sabo, in burge gida.

3/ Abba ya kalli kwalin, ya kalle ni, ya ce: "Kada ka kuskura ka taɓa min rediyon nan." Bai ƙara komai ba. Na ce a raina rigimar manya ce kawai. Dalilinsa yana ƙarshen zaren. Bari mu fara komawa baya, don rigimar nan ta girmi ni da shi duka.

4/ Matsalar guda ɗaya ce tun farko. Mota tana iya shekara 20 ko 30 a kan titi, musamman a wajenmu. Na'urar jin kiɗa kuwa da wuya ta shekara 10 ba a sake mata salo ba. Kullum mota ce a baya. A wannan giɓin masu haɗe-haɗe da 'yan rewaya suke cin abinci kusan shekara 100 ke nan.

5/ 1930, birnin Chicago a Amurka. Paul Galvin da ƙanensa Joseph suna da ƙaramin kamfani da karayar tattalin arziki ta kusa kashewa. Suka ƙera rediyon mota mai lamba 5T71. Paul ya ɗaura shi a motarsa Studebaker, ya tuƙa zuwa taron masu ƙera rediyo a Atlantic City, ya faka a waje ya ƙure murya har 'yan kasuwa suka taru.

6/ Sunan da suka ba shi Motorola: "motor" da "ola", irin ƙarshen sunan garmahon Victrola da ake yayi lokacin. A 1947 kamfanin gaba ɗaya ya koma amsa sunan. Wato Motorolar da iyayenmu suka riƙe a farkon GSM, asalinta rediyon mota ce.

7/ Ɗaura shi ba wasa ba ne. Kuɗinsa tsakanin dala 110 zuwa 130, alhali sabuwar Ford wajen dala 500 zuwa 600 take. Sai an kwance gaban mota, a farke rufin ciki a shimfiɗa eriya, a nemi wurin ajiye ƙarin batura, sannan a yi fama da ƙarar da tartsatsin fulogi ke jefawa cikin sauti. Rewaya ta asali ke nan.

8/ Jamus ma ba a bar ta a baya ba. Blaupunkt ta fitar da nata rediyon motar a 1932, sannan mai kama FM a 1952. Amma rediyo dai rediyo ne, abin da tasha ta ga dama shi za ka ji. Mutane suna son su zaɓi nasu. Abin da ake da shi a gida lokacin kuwa faifan garmaho ne mai allura.

9/ To sai Chrysler ta ce bari a sa garmahon a mota. A motocinta na 1956 ta kawo Highway Hi-Fi, wanda Peter Goldmark na kamfanin CBS ya tsara, mutumin da ya jagoranci ƙirƙiro faifan LP a 1948. Faifai ne mai inci 7, yana juyi 16⅔ a minti, rabin gudun LP, don gefe ɗaya ya daɗe yana kiɗa.

10/ Ku yi tunanin allura a kan faifai, mota kuma ta faɗa rami. Bayan haka ba ya cin faifan da kake da shi a gida, sai na musamman daga kamfanin Columbia, su ma 'yan kaɗan ne. Ga yawan lalacewa. Kafin 1960 an yi watsi da shi. Darasin farko: in na'ura ba ta karɓar kiɗan da ke hannun mutane, ba ta daɗewa.

11/ Sai zamanin zare mai maganaɗisu. A 1962 wani ɗan kasuwar California, Earl Muntz, wanda ake wa laƙabi da mahaukaci saboda salon tallarsa, ya fara sayar da na'urar 4-track ta mota. Bill Lear ya gani ya inganta ta zuwa 8-track. Lear ɗin nan yana cikin waɗanda suka yi aikin rediyon Galvin, kuma shi ne mai jirgin Learjet.

12/ Ford ta fara sa 8-track a motocinta na 1966, abin ya karɓu sosai a Amurka. Zare ba ya tsalle a gargada kamar allura. Amma zaren zagaye yake yi ba ƙarshe, ba a mayar da shi baya. An raba shi gida huɗu, wani lokaci ana tsakiyar waƙa za ka ji ƙwas, na'ura ta sauya layi, sannan waƙar ta ci gaba.

13/ Can a Turai kuwa, a masana'antar Philips da ke Hasselt a Beljiyam, Lou Ottens da mutanensa sun ƙera kaset ɗin da muka sani, aka nuna shi a baje-kolin rediyo na Balin a 1963. Bayan matsin lamba daga Sony, Philips ta bar kowa ya ƙera ba tare da biyan ta kuɗin lasisi ba. Abin da ya sa ya game duniya ke nan.

14/ Ƙarshen shekarun 1960 kaset ya fara shiga mota, kafin ƙarshen 1970s ya danne 8-track. Ƙarami ne, ana mayar da shi baya, ga arha. Babban makaminsa kuma: kowa zai iya ɗaukar murya a kai. C60 minti 60, C90 minti 90. Ottens ya rasu a 2021 yana da shekara 94.

15/ A nan labarin ya iso gida. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, 504 ta cika tashoshinmu. Direban Kano zuwa Legas ko Katsina zuwa Maraɗi yana da tarin kaset a gaban mota: Shata, Ɗan Maraya, karatun Alƙur'ani, tafsiri, waƙoƙin Indiya, daga baya na finafinan Hausa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa.

16/ Duk wanda ya taɓa sa biro a ramin kaset yana juyawa don a tattala batir, ko ya goge hed da auduga, ya san zamanin. Akwai kuma amfanin da ba a cika faɗa ba: wasiƙa. Wanda bai iya rubutu ba sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ko alhaji ya kai wa ɗan'uwa a Makka, Kumasi ko Kurmi. Ku riƙe wannan.

17/ A 1984 aka mayar da ma'aunin Jamus na DIN ya zama na duniya, ISO 7736: ramin rediyon mota ya zama faɗin milimita 180, tsayi 50. Mai ninki biyu 180 da 100, shi ne ramin da allon Android ke shiga yau. Wannan ya sa za ka cire rediyon kamfani ka sa Pioneer ko Kenwood ba tare da yanka dashbod ba.

18/ Sauƙin da mai mota ya samu, ɓarawo ma ya samu. A shekarun 1980 satar rediyon mota ta yi ƙamari har mutanen New York suna manna takarda a gilas cewa babu rediyo a motar nan. Daga nan aka fito da rediyo mai mariƙi da za ka zare ka shiga da shi gida, sannan mai fuskar da ake ɓallewa a sa a aljihu.

19/ Ranar 1 ga Yulin 1979 Sony ta fitar da Walkman, TPS-L2, a kan yen 33,000. Daga ranar tambayar ta sauya. Kiɗa ya bar jikin mota da falo ya koma aljihun mutum. Abin nema yanzu shi ne yadda abin da ke aljihuna zai fito ta lasifikar mota. Ƙaramin ramin iyafis mai milimita 3.5 shi ya zama ƙofa.

20/ CD ya fito a 1982. A 1984 Sony ta yi na ɗauka a hannu, D-50, wanda ya haifi Discman, Pioneer kuma ta yi na mota, CDX-1. Amma na motar tsada gare shi, kuma miliyoyin motoci masu kaset suna nan da ƙarfinsu. Ga sabon faifai a hannu, ga tsohon rediyo a mota, babu ramin da zai haɗa su.

21/ Wanda ya warware wannan shi ne wani injiniyan Amurka, Larry Schotz. Ya ƙera kaset na bogi mai wutsiyar waya, ya samu rajistar mallakar fasahar a 1988, kamfanin Recoton ya sayar. Ni dai a duk tarihin nan babu dabarar da ta burge ni kamar wannan, don ba ta buƙatar batir, ba ta buƙatar a kwance ko da kusa ɗaya.

22/ Yadda take aiki: cikin kaset ɗin babu zare. Akwai ƙaramin hed da ke zama daidai gaban hed ɗin rediyo. Sautin da ya taho ta waya yana zama maganaɗisu a wannan hed ɗin, na motar ya karanta, a zatonsa zare ne ke wucewa. Akwai kuma 'yan haƙora da ke juya ramukan biyu, don kada rediyo ya ɗauka kaset ya ƙare ya tsaya ko ya juya gefe.

23/ Discman ɗin farko kuma tsalle yake yi da an taka dutse. Mutane suka dinga ɗora shi a kan matashi ko tawul. A shekarun 1990 aka sa masa 'yar ma'ajiya da ke karanta sakan 3, 10, har 40 na gaba, in ya girgiza ta cike gurbin. Masu kuɗi kuma suka sa akwatin CD mai cin faifai 6 ko 10 a but. Ramin haɗa akwatin nan zai dawo a labarinmu.

24/ MP3 daga Jamus ya fito, cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen, ƙarƙashin su Karlheinz Brandenburg. A watan Yulin 1995 suka zaɓi sunan .mp3. Dabarar ita ce a zubar da sassan sautin da kunne ba ya lura da su. Waƙa ta ragu kusan ninki 11 a kan ta CD, minti ɗaya ya koma wajen megabait 1.

25/ A 1998 na'urorin aljihu suka fito: MPMan daga Koriya ta Kudu, sai Rio PMP300 a Amurka. Megabait 32, wato kamar rabin awa. Zaman tafsiri ɗaya ma ba zai shiga ba 😅. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta maka masu Rio a kotu, ta sha kaye a 1999. Hukuncin ya buɗe wa masu ƙera irin na'urorin hanya.

26/ Ga gwanina. A 1998 wani matashin injiniya a Ingila, Hugo Fiennes, ya gaji da jira. Ya harhaɗa kwamfuta mai Linux ya ajiye a but ɗin motarsa Mazda MX-5, ya ja waya zuwa gaba ya sa ƙaramin allo da maɓallai. Ya sa hotuna a intanet, mutane suka fara tambayar nawa zai sayar musu.

27/ Daga nan shi da abokansa suka kafa empeg. A 1999 suka fitar da rediyon da ke shiga ramin DIN, da hadis a ciki, ka zare ka kai ɗaki ka loda waƙa. Kuɗinsa ya haura dala 1,000, kasuwa ba ta ɗauka ba. Masu Rio suka saye su a 2000, aka daina ƙerawa a 2001. Fiennes ya koma Apple, ya yi aikin kayan cikin iPhone na farko-farko.

28/ Ranar 23 ga Oktoban 2001 iPod ya fito: gigabait 5, waƙa 1,000, dala 399. A 2003 aka sa masa ramin ƙasa mai fil 30. Nan fa kasuwar haɗa shi da mota ta fashe. Hanyoyi uku ne: kaset ɗin Schotz ga mai tsohon rediyo, 'yar tashar FM ga marar kaset, sai yaudarar ramin akwatin CD ga mai son sauti mai tsafta.

29/ 'Yar tashar FM, irin iTrip na kamfanin Griffin da ya fito a 2003, gidan rediyo ce ƙarama mai kai taku kaɗan. Ka nemi mitar da babu kowa, ka kama kanka da kanka. A Birtaniya haramun ce a doka, don watsa shiri ne ba lasisi, sai a Disambar 2006 hukumar Ofcom ta halatta masu ƙaramin ƙarfi. A babban birni kuma samun mitar da ba kowa aiki ne.

30/ Ga abin amfani ga masu motar da aka shigo da ita daga Amurka. Rediyonsu yana tsallake lamba ne: 88.1, 88.3, 88.5. In ka saita taka 'yar tashar a 88.0 ko 90.2 ba zai kama daidai ba, sai shuuu. Ba lalacewa ta yi ba, mayar da ita lamba mai ƙarewa da mara.

31/ Hanya ta uku: ƙaramin akwati da ake jonawa a bayan rediyo, a ramin akwatin CD. Yana yi wa rediyo magana da yarensa, rediyo ya ɗauka faifai 6 ne a but, alhali iPod ne. Kamfanoni irin su Dension na Hangari da Alpine na Japan sun yi suna a nan. Maɓallan sitiyari suna aiki, kuma babu shuuu ɗin FM.

32/ A watan Yunin 2004 BMW ta zama ta farko da ta yi wannan a hukumance tare da Apple, dala 149 ban da kuɗin ɗauri, wayar tana fitowa a aljihun gaban mota. Abin dariya, sai ka sa wa jerin waƙoƙinka suna BMW1 zuwa BMW5, ka zaɓe su da maɓallan faifai. Sunan waƙa ba ya fitowa a allo. Motar alfarma, amma dabarar yaudara ce dai.

33/ Masu aikin hannu suka wuce nan. Ana cire tokar sigari a gina wa iPod mazauni a wurin, a zuba roba a goge a fesa fenti har ka rantse daga kamfani ya zo. A watan Agustan 2006 Apple ta sanar cewa sama da kashi 70 cikin 100 na samfurin motocin 2007 a Amurka za su iya haɗuwa da iPod.

34/ Sai cin amana. Yawancin wayoyin motar suna caji ne ta layin FireWire mai karɓar bolt 12. A 2008, daga iPhone 3G, Apple ta cire wannan cajin. A 2012 ta sauya ramin mai fil 30 da Lightning. A 2016 ta cire ramin iyafis a iPhone 7. A 2023 ta koma USB-C. Wanda ya yanka dashbod ɗinsa saboda iPod ya zauna da rami.

35/ Mu kuwa wata hanya muka bi. Shekarar da iPod ya fito, 2001, ita ce shekarar da GSM ya shigo Najeriya. iPod bai zauna a hannun talaka ba. Daga kaset da CD muka yi tsalle zuwa waya da memori. Ka je wurin masu turi a cika maka, ka cusa a 'yar na'urar ramin laita da muke ce wa MP3 ɗin mota. Jikar iTrip ce, ta samu gida a tasi da Adaidaita.

36/ Hanyar nan har tauraro ta fitar. Mdou Moctar, makaɗin jita na Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya ji ya neme shi. Yau yana zaga duniya.

37/ Ragowar kun gani da idonku. Bluetooth, mai sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Ford Sync a 2007. CarPlay da Android Auto daga 2014. Cikin motocin ƙarshe da aka sayar da kaset daga kamfani a Amurka akwai Lexus SC 430 ta 2010. Apple ta rufe babin iPod a watan Mayun 2022.

38/ Rigimar ba ta ƙare ba, ta koma kan wa ke da iko da allon. BMW ta taɓa karɓar dala 80 a shekara don ka yi amfani da CarPlay a motarka, sai da aka yi mata ca ta janye a ƙarshen 2019. A 2023 GM ta ce za ta cire CarPlay da Android Auto a sababbin motocinta na lantarki. Kaset ɗin da ka saya naka ne. Waƙar da kake ji da data, haya ce.

39/ To mu koma gida. Ban ji maganar Abba ba. Ranar Asabar yana barcin rana na zaro rediyon. Allon dai na haƙura, amma na ce bari in jona 'yar Bluetooth a baya, in kuma haɗe wayar makulli da wayar batir don rediyo ya yi aiki ba sai an murza makulli ba. Na mayar, na rage murya, na rufe mota ina jin kaina injiniya.

40/ Ashe akwai kaset a ciki, kuma rediyon irin mai juya gefe da kansa ne. Ya yi ta juyi ba murya har batir ya mutu. Litinin da safe mota ta ƙi tashi, muka tura da yaran unguwa. Da ta tashi Abba ya danna maɓallin fitarwa, kaset ya fito rabi, zare ya naɗe a ciki. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi faɗa ba, shi ya fi ciwo.

41/ Umma ce ta gaya min. Muryar Hajiya ce, mahaifiyarsa. Lokacin yana bautar ƙasa a Kudu ta ɗauka ta ba direba ya kai masa: gaisuwa, labarin gida, wa ya haihu, wa ya yi aure, sai addu'a mai tsawo. Ta rasu ina goye. Kaset ɗaya ne ya rage, kuma duk gidan babu abin da ke iya kunna shi sai rediyon motar nan.

42/ Muka je wurin wani dattijo mai rewaya da ke gyaran rediyo tun zamanin 504. Ya kalli haɗina ya ce, "Injiniya, wannan aikin naka ne?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya kwance rediyon a kan tabarma, ya fi awa yana warware zaren daga jikin robar da ke jansa da tsinken ashana. Wurin da ya tsinke ya daidaita baki da baki ya liƙe ta baya.

43/ Abin da aka rasa bai fi sakan biyu ba. Ya sauya bel, ya goge hed, ya raba wayoyin da na haɗe. Sannan ya ciro wani tsohon rediyon hannu mai ramin iyafis ya ce, "Je ka kwashe muryar nan a kwamfutarka kafin ka sake wata dabarar." Kuɗin da ya karɓa bai kai na datar da nake saye a wata ba.

44/ A daren na jona shi da laftof, na ɗauka da Audacity, manhaja ce ta kyauta. Minti 41. Karon farko da na ji muryar kakata da wayona. Na tura wa gwaggonnina a WhatsApp, wata ta kira tana kuka ba ta iya magana. Abba ya karɓi memori ya sa a aljihu, amma har yau kaset ɗin yake kunnawa. Ni kuma na sayi kaset ɗin Schotz mai Bluetooth. Zaman lafiya.

45/ Abin da na koya, ga mai son haɗi:
• A rediyon kasuwa rawaya ta batir ce, ja ta makulli, baƙa ta jikin mota. Kada a haɗe ja da rawaya.
• Duk wayar da ta taso daga batir a sa mata fis kusa da batir.
• Fis ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da shi. Kada a naɗa waya ko takardar sigari, haka motoci ke kamawa da wuta.

46/ • Kukan da ke ƙaruwa in ka taka totur yana yawan zuwa in kana caji kuma kana kan AUX lokaci ɗaya. Zare cajar ka gwada.
• Kada a yanka dashbod saboda ramin wata waya, ramin zai sauya kafin motar ta tsufa.
• A zaɓi waƙa kafin a tashi. Allo mai nuna fim a gaban direba hatsari ne.
• Kada a bar kaset a mota a rana, zafi yana cinye shi.

47/ Na ƙarshe, ku duba durowar iyayenku da tsofaffin akwatuna. Akwai kaset ɗin biki, na karatun wani malami, na saƙon wanda ya riga mu gidan gaskiya. Zaren yana lalacewa a hankali, masu gyaran na'urar kuma suna tsufa ba magada. A kwashe tun ana iya kunnawa. Allah ya jiƙan magabatanmu.

48/ Nan zan tsaya, jarrabawa na jirana. Wanda ya taɓa samun irin wannan kaset ɗin a gida, ko ya san mai gyaran rediyon kaset a garinsu, ya faɗi unguwar a ƙasa don wasu su amfana. Allon Android kuma yana nan a kwalinsa, ban ko ɓare ledar ba. Mai so ya yi magana, zan yi ragi 😅